Ƙwaryar Inna a Bayan Gilashi

Talata Mafara, 4 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Raliya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, ina sanar da ke wani al'amari mai girgiza tunani.

Jiya na ziyarci gidan marigayi Alhaji Tukur, wanda magadansa suka mayar gidan adana kayan fasahar da ya shekara arba'in yana tarawa. Na shiga a matsayina na masani, ina yi wa jama'a sharhi. Sai ga ƙwaryar Inna a bayan gilashi, mai zanen kan bijimi, da ɗinkin gyartai a inda na fasa ta ina yaro. An rubuta a ƙasa: "Ba a san wadda ta zana ba."

Wajibi ne in yi iƙirari. Ba gara ce ta cinye ƙoren jerenta ba, kamar yadda na faɗa miki bayan rasuwarta. Ni na kwashe su zuwa kasuwar Maradun, domin a lokacin na ɗauke su alamar ci-baya.

Mai kula da gidan ya amince a rubuta sunanta. Na ce Marka. Ya ce wannan laƙabi ne, sunan yanka yake so. Yaya, duk da digirina, ban san sunan yankan Inna ba.

Ƙanenki mai biyayya,
Muttaka

Bakura, 11 ga Yuni

Auta,

Muna lafiya, ruwa ya sauka, mun yi shuka.

Zancen gara tun ran nan na san ƙarya ne. Gara ba ta share ɗaki in ta gama ci. Waɗannan ƙore ni aka tara ma, tun daga Kaka, ni kuma in bar ma ɗiyata Hanifa. Ka bar ni da bangon banza.

Sunan Inna kuwa, abin kunya ne bakina ya faɗe shi. Shekara ashirin da biyar kana cin tuwonta, ba ka taɓa tambayar kowa ba?

Raliya

Talata Mafara, 15 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ni da hujja. Na roƙa a dawo miki da ita, sun ƙi. Sunan kaɗai ya rage da zan iya mayar mata.

Muttaka

Bakura, 23 ga Yuni

Auta,

Na sa Hanifa ta rubuta, tunda jika ba ta kunyar kaka: Ikilima.

Ranar Talata za mu shigo kasuwa. Ka kai yarinyar ta gani. Kada ka yi mata sharhi.

Allah Ya jiƙan Inna.

Yayarka,
Raliya