Inna, Na Hana Wanzami Taɓa Jikanki

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke na sauka lafiya, namiji ne. Kin tafi soja na mulki, yanzu farar hula ne, amma Agege tana nan yadda kika bar ta.

Da kina nan, da tuni kin fara tsokanarsa, kina cewa ba kya son miji marar haƙora.

Allurar da aka yi masa bayan haihuwa, wurin ya ƙi daina jini, cinyar ta kumbura. Muka hau motar danfo zuwa babban asibiti. Bayan gwaji likita ya ce akwai sinadarin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni, nasa kuwa bai isa ba. Wai gado ne: mata ke ɗauke da shi lafiyarsu ƙalau, maza yake kamawa. Ya tambaye ni ko a dangin uwata wani namiji ya taɓa zubar da jini har ya rasu.

Sai na ga Yaya Sani kwance a tabarma bayan kaciya, kina ta canza tsumma har ya cika. Na tuna Kawu Ilu, ƙanenki, da ƙaho kawai aka yi masa. Har kika koma ga Allah kina cewa, "Baki aka yi wa mazan gidanmu." Ba baki ba ne, Inna. Kaka ta ba ki, kika ba ni, ba wadda ta sani.

Ranar suna wanzami ya zo da zabirarsa, zai yi aski ya cire belu. Hajiya, surukata, ta ce likitocin Legas sun cika tsoratarwa. Ni da ko ido ba na haɗawa da ita, na rungume yaron na ce a'a. Wallahi ke nake ta nema cikin matan nan. Ke kaɗai ce ba sai na yi wa bayani ba.

Wanzami ya karɓi goronsa ya tafi. Har yau Hajiya da ƙyar take amsa gaisuwata. Yaron yana cinyata yanzu, yana barci da gashin haihuwarsa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da ɗanki a Aljanna. Ni kuma ya bar mini nawa ya girma.

'Yarki mai kewarki kullum,
Rabi