Tukunyar Mama da Ba a Ci

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya su Baba, ya yara, ya ƙafar Inna, ta daina kumburin? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta. Ban kira ki a waya ba don bangon gidan nan kamar takarda yake, ko tari na yi Mama tana ji.

Daga ni sai ita a gidan. Tunda ɗanta ya aure ni ya kawo ni ya ajiye, ya hau babbar motarsa ya tafi, sai hutun ƙarshen shekara zai dawo, shi da yayyensa mata da 'ya'yansu. Ba ta zagina, ba ta hana ni abinci. Kallo ne dai ya yi yawa, kuma ba ta magana.

Abin da ya sa na rubuto shi ne tukunya. Yaya, kin taɓa ganin an dafa abu ba don a ci ba, ba don a sha ba? Da safe sai ta cika wata ƙaramar tukunya da ruwa, ta yanka lemo da ɓawonsa, ta sa tuffa, ta sa kirfa sanda-sanda, da citta, da wani busasshen abu mai kamar tauraro. Idan ya tafasa sai ta rage wutar gas ɗin can ƙasa, ta bar shi a buɗe yana tururi yini guda. Ruwa ya ja ta ƙara. Da yamma ta zubar da shi duka. Lemo mai kyau fa, Yaya, ba ruɓaɓɓe ba!

Ranar farko na ɗauka shayi ne, na ɗauko kofi. Sai ta riƙe min hannu ta ce ba na sha ba ne, na gida ne. Gida yana da baki ne?

Wanda ya fi tsorata ni, akwai lemo guda da take tsattsoke shi da kanumfari kamar ƙusoshi, tana yi tana motsa baki. Kuma jiya ta ce ni zan soka da hannuna. Na soka, ya zan yi. Da ta jefa shi ciki sai ta ce in sunkuya in shaƙa.

Ki tambayi Inna a hankali ko ta san irin wannan. Kada Baba ya ji tukuna.

Ki gaishe min da kowa.
Ƙanwarki, 'Yar Firit

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya yaran?

Abin ya fara kama ni. Tun ranar da na shaƙa ban sake zama daidai ba. Da tururin ya taso sai cikina ya juya, in ruga banɗaki. Barci kuwa ko a tsaye. Shekaranjiya ina goge kaya na gyangyaɗa, saura kaɗan in ƙona rigarta. Ƙwai da nake so kamar me, yanzu ko ganinsa ba na son yi. Kuma ina kuka ba dalili, cokali ya faɗi na zauna na yi ta kuka.

Ita kuwa duba ni take yi ta ga ko ya ci. Ta ja fatar idona ta leƙa. Ta juya tafin hannuna. Ta tsaya tana kallon wuyana har na ji kunya, sai ta ce "uhm" ta wuce. Kuma wallahi na ga tana murmushi ita kaɗai a kicin. Mutum yana amai kina murmushi?

Na yi ta tunanin me na yi mata. Ina jin ilimina ne bai yi mata ba. 'Ya'yanta mata duk aikin ofis suke, ni ko injin wanki sai da ta nuna min ya fi a ƙirga. Wataƙila so take in haukace kafin su zo, ko in fita da ƙafata, a ce ni na gudu.

Da ta shiga wanka na juye tukunyar a wurin wanke-wanke, na mayar da ruwa zalla. Ta fito ta leƙa, ta dube ni, ta wuce ɗakinta. Da ma ta yi faɗa, da hankalina ya fi kwanciya.

Yaya, ina son mijina, Allah ya sani, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma ba zan zauna a lalata ni ba. Na haɗa jakata na tura ƙarƙashin gado. Yanzu ki faɗa wa Baba komai. Idan na samu hanya zan taho, in ban samu ba shi ya zo ya ɗauke ni.

Ki sa ni a addu'a.
'Yar Firit

Yaya,

Sallama. Kafin ki karanta sauran, in Baba bai taso ba ki tare shi. In ya kai tasha ki bi shi ki dawo da shi, ko da kuka ne.

Na yi niyyar fita jiya da hantsi, na ɗauka ta tafi kasuwa. Ina buɗe ƙofa da jaka sai ga ta a tsaye da leda. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "To, tunda kin riga kin shirya, mu je." Ta kama wuyan hannuna. Na ce a raina shi ke nan, wurin bokan da ya ba ta tukunyar za a kai ni.

Asibiti ta kai ni. Nas ɗin ta karɓi fitsarina, ta yi min tambayoyin da ba zan iya rubutawa ba, ta dawo tana dariya ta ce, "Amarya, ke ba ki lissafi ne?" Yaya, ciki ne da ni. Na ce mata ko tururin wata tukunya da na shaƙa ne ya jawo. Ta yi dariya har da dafa bango, ta ce a iya saninta ba ta hanci yake shiga ba, kuma ya riga tukunyar zuwa.

A hanya ne Mama ta yi magana mafi tsawo tun zuwana. Wai gidan ba ya samun iska, ƙaurin suya da warin takalma suna kama labule, turaren fesawa kuma tari yake sa ta. Tun yaranta suna ƙanana take dafa wannan in hutu ya matso, har in suka shigo daga ƙofa suke cewa sun dawo gida. Motsa bakin kuma sunayen jikokinta take kira, kanumfari ɗaya jika ɗaya. Ta ce ta gane cikin tuntuni, jira take in faɗa mata da kaina, ta ga kunya ta hana ni.

Da muka dawo ta wanke tukunyar ta ɗora can saman kabad. Na ce ai 'ya'yanki za su tambaya. Ta ce, "Su tambaya. Su shaƙi takalmansu bana."

Sai ta kwance jakata da kanta, tana ninke kayan tana mayarwa. Ta ce, "Kewar gida ba laifi ba ce, 'yata, ni ma na yi. Amma da kin tafi a haka, me zan ce wa ɗana?"

Yaya, kewar gida ta ɗauka. Ba ta san me na ce a kanta ba, kuma na bar ta a haka. In Baba ya zo ya buɗe baki a falon nan, ban san inda zan sa fuskata ba. Ki ce masa zazzaɓi ne ya sa ni surutu. Ki ce masa komai ma. Inna kaɗai za ki yi wa albishir, ita ma a kunne.

Ba zan taho ba.

Ƙanwarki,
'Yar Firit