Kaset Ɗin da Ba Ka Kalla Ba

Karantina, Jidda. Laraba, 17 ga Safar 1425, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.

Abuya,

Assalamu alaika. Ina zaune a kan tabarmarka, kwalin kaset-kaset ɗinka yana gabana, Umma tana wanki a tsakar gida. Yau kwananka ashirin da tara a kabari. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma jibi za a yi rigima a gidan nan, kuma a kanka ce, ya kamata ka fara ji daga bakina.

Umma tana takaba, tana ɗan cin abinci. Iƙamata, takardar izinin zama, ta fito. Asibitin da na nemi aikin gashin ƙashi bai kira ba tukuna. Abokan dakonka na kasuwar Bab Makka sun zo gaisuwa sau uku, ba wanda ya zauna a kujerarka.

Ranar Litinin ƙaninka Kawu Sule ya zo. Ya ce bayan sallar Juma'a zai kawo kananzir ya ƙone kaset-kaset ɗinka na kokawar Turawa. Ya ce babu komai a ciki sai maza tsirara da kiɗa da ƙarya, kuma duk ranar da wani ya kunna ɗaya, kai za a rubuta wa zunubin, tunda kai ka tara su. Ya ce shi ke nan, khalas. Umma ta yi kuka. Ni kuwa na ajiye masa shayin da na kawo, na fice.

Na ƙirga su. Sittin da uku ne. Na sittin da huɗu ya iso kwana tara bayan rasuwarka. Mutumin unguwar Sharafiyya mai dish, wanda yake biyan katin tashar ya naɗo maka babbar gasar shekara, shi ya kawo da kansa yana murmushi. Bai ji labari ba. Ya ajiye a bakin ƙofa ya juya.

Akwai abin da ban taɓa ba ka haƙuri a kansa ba. Bara da na dawo hutu daga Khartum, inda nake karatun gashin ƙashi, na shigo da shayi kuna kallo da abokanka. Na ɗauki rimot na tsayar da hoton, na nuna wa kowa cewa naushin bai taɓa fuska ba. Na ce shiri ne, an san wanda zai ci tun kafin a shiga fili. Na faɗi sunayen ƙasusuwa da Turanci. Abokanka suka yi dariya. Kai kuwa ka miƙo hannu na ba ka rimot. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba? Ni da ban taɓa ɗaga buhu ba, nake koya wa tsohon ɗan kokawar Tawa yadda ake kayar da mutum?

Jiya na zauna na karanta ajamin da ka rubuta a jikin kowane kaset. Awa uku ya ɗauke ni, rubutunka ƙanana ne. A jikin na sha ɗaya ka rubuta cewa ɗan kokawar da kake kira Mai Jan Wando ya san zai faɗi, a duba yadda ya naɗe haɓa a ƙirji. A na talatin ka rubuta cewa faɗan na wasa ne amma gwiwar wanda kake kira Dogo ta goce da gaske, don ya sauka a kan ƙafa ɗaya. Na sha ɗaya ya girme karatuna da shekaru. Ashe ka sani tun da can. Ba wanda ya ci kake kallo ba, faɗuwa kake kallo.

Da safe na aika aka tambayi Malam Isa, abokin aikinka. Ya ce da waɗannan kaset-kaset kake koya wa sababbin masu dako yadda za su faɗi da kaya a ka: su saki kayan, su naɗe haɓa, su buɗe hannuwa. Ya ce ranar da ya zame daga bayan mota da dilar atamfa, ya tashi da ƙujewa a kafaɗa kawai.

Don haka ba zan ba Kawu kwalin ba. Ina jin tsoronsa, kuma na fi jin tsoron a ce gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na ɗauki jan biro na rubuta sunana a jikin kowane kaset, ƙarƙashin rubutunka, Umma tana kallo. Kaya na mai rai ne. Idan akwai zunubi, ga mai su nan, a rubuta mini. Jibi zan kai wa Kawu ruwa, in durƙusa in gaishe shi, sannan in zauna a kan kwalin. Idan ya tafi zan kunna na sittin da huɗu, ƙofa a buɗe, in rubuta a jikinsa wanda ya faɗi da kyau da wanda bai iya ba.

Ga abin da ban sani ba, ba zan yi maka ƙarya ba:

Ban sani ba ko mala'iku suna duba sunan da ke jikin kaset.

Ban sani ba ko muryata za ta fito a gaban Kawu.

Ban sani ba ko zai sake taka gidan nan, ko Umma za ta jure idan bai zo ba.

Ban sani ba ko idona zai ga abin da naka yake gani.

Ban sani ba ko ka yafe mini kafin ka tafi.

Allah Ya yalwata maka makwanci, Abuya. Ka huta, sauran nawa ne.

'Yarka,
Khadija