Amsar Da Na Kasa Ba Ki A Gaban Gwanki

Babban Mutum,
Talata, 23 ga Shawwal, 1427.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar gawona a tsakar bazara, Adawiyya 'yar Malam Mahdi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ki, ya ke ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa, ya ke ƙanshin da ƙasar ke tashi da shi bayan saukarsa! Ya ke madarar safiya a sabuwar ƙwarya, ya ke zangarniyar gero da ta fi 'yan uwanta cika a gona! Ina fatan kina lafiya, da Malam, da Inna Kubura, da Yaya Hafizu da iyalinsa. Allah ya ƙara wa gidanku albarka, amin.

Bayan gaisuwa, kwana ashirin ke nan ina yawo da wata tambaya taki a ƙirjina. Na je gona da ita, na shiga masallaci da ita, na zauna cin tuwo da ita. Kin yi mini ita a saman dutse, na yi shiru, kin kuwa ga shirun nawa. Yau zan ba ki amsa. Amma ki yi haƙuri in fara tuna miki ranar, domin in ban bi ta hanyar da muka bi ba, ba zan samu ƙarfin isa wurin ba.

Kin tuna safiyar da muka bar Daura, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah? Yaya Hafizu ya ɗauko mota don kai iyali yawon buɗe ido, Inna kuma ta ce tunda an yi mana baiko, a kira ni in zo a tafi da ni. Maza a gaba, mata a baya, yadda tsari yake yanzu. Tafiyar yini guda ban juya na dube ki ba ko sau ɗaya, don kunyar Inna. Amma duk lokacin da kika yi dariya a bayana, sai in ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe.

Ni mutumin Babban Mutum ne, ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne kukar bayan gidanmu. Sai ga ni a ƙasar duwatsu! Subhanallahi! Dutse a kan dutse, wani ƙato ya hau kan ƙarami ya zauna daram, kamar yadda mata ke jera ƙore a kan danki, kuma ba ya faɗowa. Wa ya ɗora shi? Wa ya riƙe shi duk shekarun nan? Tun kafin mu ga dabba ko ɗaya bakina ya riga ya cika da tasbihi.

Washegari da hantsi muka shiga gidan namun dajin da muka zo gani. An gina shi ne a jikin dutse, hanya tana hawa tana lanƙwasa tsakanin bishiyoyi, kowace kwana da abin da ke jiran mutum. Iyalai sun baza tabarmi a inuwa, kulolin abinci a buɗe, yara cikin kayan Sallah suna ta guje-guje, harsuna iri-iri da ban taɓa ji ba suna tashi ta ko'ina. Ke kuma, malamar makaranta, kika zama idonmu. Kowane keji da allonsa, kina karanta mana sunan dabba, da inda take rayuwa, da yadda irinta ke ƙarewa a daji. Muryarki tana fita a hankali kamar ruwa daga bakin buta, ni kuwa ina jin kunyar ƙarancin bokona, ina kuma alfahari da cewa wannan mai karatun tawa ce.

Kin tuna jimina? Ta miƙo wuya ta leƙo mu ta saman waya, Inna ta ja da baya tana salati, sannan ta ce, "Kai! Wannan kazar sai tukunyar gidan biki!" Muka yi dariya har Yaya Hafizu ya dafa bishiya. Kin tuna raƙumin dawa, yadda yake tafiya a natse kamar ba ya so ya ɓata wa ƙasa rai? Da zaki fa? Yana kwance a kan falalen dutse, ko kallo ba mu ishe shi ba, sai kawai ya buɗe baki ya yi ruri. Wallahi Adawiyya, ba da kunne na ji shi ba, a haƙarƙarina na ji shi. Duk wurin ya yi tsit, har tsuntsaye. Na ga kin riƙe bakin hijabinki da hannu biyu, leɓunanki suna motsi. Na ce a raina: ya Ubangiji, in wannan bawanka ne guda ɗaya, kuma a tsare, to yaya girmanka yake?

Yawancin mutane a nan suke juyawa, don hawan ya fara tsanani. Inna ma ta zauna a inuwa tare da matar Yaya. Ke ce kika ce sai kin ga ƙarshen hanya, Yaya Hafizu ya raka mu. A can sama muka tarar da wani fili mai faɗi da aka kewaye, da wani dattijo mai ɗingishi a bakinsa, Malam Sada, wanda ke kula da dabbobin wurin. Ya ɗaga mana hannu, ya sa yatsa a baki. Muka matso a hankali.

Gwanki! Tun ina ƙarami nake jin sunansa a bakin Baba da abokan farautarsa, ban taɓa sa shi a ido ba. Ashe haka yake? Tsayi kamar doki, ƙaho ya lanƙwasa baya kamar lauje, kunnuwa dogaye masu tuntu, fuska baƙi da fari kamar an zauna an yi mata zane. Malam Sada ya raɗa mana cewa uku kaɗai suke da su, kuma macen tana naƙuda tun safe. Ya ce shekara shida suna jiran wannan rana.

Me zan ce miki game da abin da muka gani, alhali kina wurin? Ta kwanta, ta tashi, ta sake kwanciya. Sai ga ƙafafu biyu, sai ga kai, sai ga shi gaba ɗaya a kan ciyawa, jiƙe sharkaf, ba ya motsi. Uwar ta juyo ta fara lasarsa, tana lasa, tana tura shi da hanci. Sai kunne ɗaya ya kaɗa! Ya yunƙura ya faɗi. Ya sake yunƙurawa, ƙafafun suka watse, ya kife. A karo na biyar ya tsaya, yana rawa kamar karan dawa a iska, amma ya tsaya. Allahu Akbar! Dattijon nan ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna girgiza. Na dube ki, hawaye yana bin kumatunki, ba ki ko share ba. Ban taɓa ganin kyau irin naki na wannan lokacin ba, ko watan daren sha huɗu bai kai ba.

A nan ne kika juyo, a gaban Yaya Hafizu, kika ce, "Ya'u, kai dai ba ka taɓa raba irin wannan da uwarsa ba, ko?"

Kika jira. Na sunkuyar da kai na ce rana ta yi, mu sauka. Daga nan har muka dawo Daura ban sake jin dariyarki a bayan mota ba.

Ga amsar, hasken zuciyata: na taɓa.

Kin san gidanmu gidan maharba ne, amma na sha gaya miki cewa ni zomo da zabin daji kawai nake harbi. Ba gaskiya ba ce duka. A tsakiyar daminar nan, can arewa da garinmu gab da iyaka, na ga sawun barewa. Shekaru ba a ga barewa a wajenmu ba. Na bi sawun kwana biyu, na same ta a gindin wata aduwa, na harbe ta. Ina cikin murna ina tunanin yadda za a yi ta maganata a gari, sai na ji wani ɗan kuka a cikin sabara. 'Yarta ce, ba ta fi kyanwa girma ba, ta lafe a ƙasa tana kallona. Na ɗauko ta a cikin rigata na kawo gida, na ɗaure ta a bayan rumbu, ina ba ta nonon akuya. Har na ƙudura cewa ranar da kika tare zan nuna miki ita, in ce kyauta ce, ba tare da na faɗi yadda na same ta ba. Dubi irin kyautar da na so in fara zaman aure da ita!

Da na dawo daga tafiyar nan, na zagaya bayan rumbu. Na tarar 'yar barewar ta yi ta zagaye turken har ta haƙa da'ira a ƙasa, igiyar ta cinye mata gashin wuya. Na durƙusa a gabanta ban iya ɗaga ido ba. Ni da na yi kabbara don ɗan gwanki ya tsaya kusa da uwarsa, ni ne na bar wannan ita kaɗai a duniya.

Ranar kasuwar Mai'adua na roƙi wani direban motar shanu da ke tafiya kudu, ya ba ni wuri a baya. Na rungume ta a ƙirji duk tsawon hanya, ina kare ta daga ƙahonin shanu. Na hau dutsen nan da ita, na sami Malam Sada, na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ɗauka zai zage ni ko ya haɗa ni da hukuma. Ya daɗe yana duban wuyanta, sannan ya ce, "Ni ma da bindiga na fara, ɗana. Wannan ƙafar, ɓauna ce ta bar mini ita haka." Bayan likitansu ya duba ta, aka sa ta kusa da wasu bareyi huɗu, waya a tsakaninsu, har su saba. Ta tsaya tana shinshina iska. Sai wata babba ta zo ta sa hanci ta cikin wayar ta taɓa nata. Adawiyya, na ga 'yar barewar nan ta yi tsalle, ƙafa huɗu a sama, abin da ba ta taɓa yi ba a hannuna!

Kwana uku na yi a wurin ina taya su aiki. Da suka ga na san sawu, na san ciyawar da kowace dabba ke so, na kuma gane mara lafiya tun daga tsayuwarta, sai shugaban wurin ya ce in ina so in dawo bayan an gama girbi su ɗauke ni. Na ce ina so, amma akwai mutum biyu da sai na ji bakinsu.

Na farko Baba. Na dawo na ɗauki bindigar da ya ba ni ranar da na cika shekara goma sha bakwai, na ajiye a gabansa, na ce na gode, na daina. Kwana tara ina gaishe shi yana amsawa da kai kawai. Gidan ya yi mini ƙunci, 'yan uwa suna cewa na kunyata kakanni. Jiya bayan La'asar ina sussukar gero ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Gwankin da ka gani, da farin nan a gefen ido?" Na ce, "Da shi, Baba." Ya ce, "Shekara arba'in rabona da shi. Na ƙarshe a dajin nan ni na kashe shi." Sai ya juya, har ya kai bakin zaure ya ce, "In ka zauna a can, ka zo ka kai ni in gani kafin idona ya tafi."

Saura ke, kuma bakinki ya fi mini nauyi. Malam ya ba ni ke ne a kan za mu zauna nan kusa, inda Inna za ta hau mota da safe ta gan ki ta koma da yamma. Yanzu ina roƙon ki bar Daura, ki bar ɗalibanki, ki bi ni ƙasar da ba ki da kowa, bayan kin san na taɓa ɓoye miki gaskiya. Da wane ido zan roƙi wannan? Amma ina roƙo! Akwai makarantu a can, akwai yaran da ke jiran murya irin taki. In kin ce in zauna a gida, zan zauna in yi noma, bindiga dai na bar ta har abada ko ta wane hali. In kuwa kin ce ba za ki iya auren wanda ya yi abin da na yi ba, ba zan ga laifinki ba, sai dai ban san inda zan kai zuciyar nan ba, don ba ta san hanyar wani gida ba sai naku.

Ranar Juma'a baffana Nagoggo zai zo wurin Malam da maganar. Na roƙe shi kada ya buɗe baki sai ya ji daga Inna cewa kin yarda. Ba na so a yanke komai a zaure alhali ke kina ɗaki ba a tambaye ki ba.

Ki yi istihara, ya sanyin idona, ki faɗi abin da ke ranki ba tare da tausayina ba. Abu ɗaya na ɗaukar miki alkawari, Allah ne shaida: daga yau duk tambayar da kika yi mini, a gaban kowa ne, komai ɗacin amsarta, zan ɗaga kai in dube ki in ba ki ita.

Naki a Daura, naki a kan dutse, naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Ya'u Dabo