Sunayen da Na Yanke Daga Waƙarki

Zuwa ga mahaifiyata, Mma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Ramatu ce, 'yarki. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, shi ya sa na ajiye ta a shafina inda masu bibiyata za su gani. Laifi na yi miki a bainar jama'a, gara in ba ki haƙuri a gabansu.

Bari in fara ba ki labarin yadda sana'armu ta waƙa ta koma, don da kina nan da kin ishe ni da tambaya. Yanzu mutum na zaune a trotro, motar haya, daga Maamobi zuwa kasuwar Makola, waya ce ke zaɓar masa abin da zai ji. In ya so wata waƙa, sai ta kawo masa mai kama da ita, ko da mawaƙin yana wata duniyar. Wa ya gaya wa waya abin da ransa ke so? Na tambaya har na gaji, kowa sai ya ce min na'ura ce. Duk wanda ya saurara kuma, akwai ɗan abin da ake tara wa mai waƙar, ƙanƙane ƙwarai, in ya taru a turo masa. Babu wadda za ta tashi ta gyara ɗaurin zani ta zo ta manna miki kuɗi a goshi. Wannan ne ya fi ɗaure min kai, Mma: ana yi min liƙi, ban ga hannun ba.

Ke kuwa kin san kowane hannu. Ina tuna ki ranar lalle a gidajen Nima, ƙwarya a kife cikin ruwa, mata sun cika tsakar gida. Ba kya shiga waƙar amarya sai kin gaida matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Azumi mai waakye, shinkafa da waken nan. Mma Sala mai koko. Lariba 'yar Zabarma, wadda ba ta jin rabin abin da kike faɗa amma ita ke fara rangaɗa guɗa. Ni ina gefe ina ƙosawa, hannuna na ƙaiƙayin kiɗa. Sai ki harare ni ki ce, "Ki fara gaida mutane, waƙa ba gudu za ta yi ba."

Bayan rasuwarki na ɗauki tsohon kaset ɗinki na kai wa Mustafa mai situdiyo a New Town. Kin san shi, shi ya ɗauki muryarki a da, yanzu gemunsa duk furfura. Na ce ina so in sake rera waƙar lallen da muryata in sa a intanet. Ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce mutanen yanzu in rabin minti ya wuce waƙa ba ta kama su ba, sai su ture ta da yatsa, kuma wanda ya ture ba a ƙirga shi. Ga gaisuwarki kuwa ta fi minti biyu. Ya tambaye ni wa ya san Hajiya Azumi a ƙasar Turawa. Ba zan ɗora masa laifi ba, gaskiyar sana'arsa ya faɗa. Ni ce na ce a yanke.

Kuma wallahi ta karɓu. Akwai taswira a wayata da ke nuna inda ake sauraro, nakan zauna in ƙura mata ido kamar mai kallon tukunya a wuta. Ga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Ga 'yan mata da ba su san ko "sannu" ba suna rawa da kiɗan ƙwaryarki. Me suke ji a ciki? Har yau ban sani ba, amma na yi murna. Na rage zuwa Makola sayar da mayafai, na fara ce wa kaina mawaƙiya ba tare da jin kunya ba.

Ana nan sai saƙon murya ya shigo daga Jamus. Zainabu ce, 'yar Mma Sala mai koko, mai wushiryar nan da muke zuwa makarantar allo tare. Tana aikin kula da tsofaffi a can. Ta ce tana cikin jirgin ƙasa za ta aiki, wayarta ta kawo mata waƙar haka kawai, ba ta nema ba. Da jin bugun ƙwaryar ta gane. Ta riƙe numfashi tana jiran sunan uwarta, don ta san yana zuwa ne bayan na Hajiya Azumi. Bai zo ba. Ta mayar baya, ta sake mayarwa, har ta wuce tasharta. Ta ce hotunansu duk ruwa ya cinye shekarar da babbar kwata ta cika ta shiga ɗakuna, tsohuwar kuma ta rasu, ba ta da komai nata. Ba faɗa ta yi min ba. Cewa kawai ta yi, "Ramatu, ina kika kai uwata?"

Mma, kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Ashe abin da na ɗauka jan lokaci ne, a nan kika adana mutane.

Na koma wurin Mustafa na ce a sauke gajeriyar, a ɗauki doguwar da duk sunayenta. Ya gargaɗe ni cewa na'urar za ta daina kai ta kunnen baƙi. Haka kuwa aka yi. Taswirar ta dusashe, 'yan rawa sun koma kan wata waƙar, ni kuma na koma Makola da mayafaina. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi min ciwo. Amma sai ga saƙonni daga 'ya'yan Nima da ke warwatse a duniya. Wannan ya ce Lariba kakarsa ce, waccan ta roƙa in sa sunan gwaggonta. Wasu har su turo ɗan alheri ta waya, da sunansu a jiki. Ko na'urar ta san da wannan? Ina shakka.

Saura abu ɗaya. Da nake kwafe sunayen daga kaset, na lura kin gaida kowa, ke babu wanda ya gaishe ki. Kin san tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunanki da bakina ba, ba haka kika rene ni ba. Ranar da muka ɗauki doguwar na kira. A ƙarshen gaisuwar na ce, "Ladi mai ƙwarya, uwar Ramatu, muna gaisuwa." Muryata ta karye a wurin. Mustafa ya ce mu sake ɗauka, na ce ya bar ta haka. Ki yafe min wannan rashin kunyar, tare da laifina na farko.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da Mma Sala da Hajiya Azumi da Lariba a Aljanna. Yadda ba ki manta sunan kowa ba, Allah Ya sa a kira naki cikin mutanen kirki. Amin.

'Yarki da ta koyi gaisuwa a makare,
Ramatu
Nima