Raƙumar Kawu Shambe

Yaya Mahganj,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ina fata dabino ya yi kyau bana a Panjgur.

Ni lafiya lau nake, kifi har ya ishe ni. Aikin ma ba wuya, gadin kurmin nan ne da ke tsiro cikin ruwan teku, wanda hukuma ta hana taɓawa. Gida bakwai suka rage a ƙauyen da nake zaune.

Akwai wani dattijo, Kawu Shambe, da raƙumarsa ke ɗauko mana ruwan sha daga bayan tsauni. Ganyen kurmin nan kaɗai take ci, don babu ciyawa a nan. Da na zo na hana, kamar yadda aka umarce ni. Ban tambayi wa ke kawo ruwan da nake sha ba.

Yanzu tozonta ya zube. Jiya ta durƙusa a hanya, sai dattijon ya ɗauko jarkata a ka. Na ce ya bari, ya ce, "Karɓi, ɗana. Kai ma ɗaure ka aka yi a nan."

Na so in kau da kai, amma an riga an zagaye wurin da waya.

Don Allah ki tara min ƙwallayen dabino, ko buhu guda, a daka, ki aiko mini in ba raƙumar ta ci. Ki gaya wa Inna na yi ƙiba.

In raƙumar ta mutu duk mutanen ƙauyen za su tashi. Ni zan zauna ina gadin itatuwa, babu wanda zan hana.

Allah ya sada mu.

Ƙanenki,
Dostain