Bindigar da Dalyop Ya Zaɓa

Woodbridge, Virginia
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Olive,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka kuwa? Yaya Baban yara da 'yan makaranta? Mu ma lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu. A takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo miki, don maganar ba ta waya ba ce. Gidan nan na katako ne, in na yi tari a kicin mijina yana ji daga sama.

Yaya, Dalyop zai sayi bindiga. Mutumin da in aka fara harbi a talabijin sai ya tashi ya bar falo. Ranar Asabar ya ce in shirya mu fita, na ɗauka takalmin makaranta za mu sayo wa Linda. Sai ga mu a shagon bindigogi. Mai shagon, wani dattijon Bature, ya gaishe shi da sunansa. Daga bakin dattijon nan na ji cewa mijina ya riga ya yi ajin koyon harbi, har ya kai takardun neman izinin ɗaukar bindiga a ɓoye kotun gundumarmu, mako uku ke nan. Ni matarsa ina tsaye ina murmushi kamar na sani.

Guda uku aka jera masa. Ta farko mai juyawa ce, harsashi biyar, ba ta da wuyar sarrafawa amma tana yin tudu a ƙugu. Ta biyu siririya, harsashi goma. Ta uku kuwa tana ɓacewa cikin tafin hannunsa. Dattijon ya gargaɗe shi cewa ƙananan nan sun fi girgiza hannu, kuma mai manyan yatsu irinsa zai sha wuyar saiti. Dalyop bai kula da wannan ba. Tambayarsa ɗaya ce tak: ana gani? Aka ba shi ta roba ya sa a kube cikin wando, ya saki riga, ya sunkuya, ya zauna, ya ɗaga hannu a gaban madubi, yana ce mini in duba da kyau. Ko sau ɗaya bai tambayi inda za a ajiye ta a gida mai yarinya 'yar shekara shida ba. Ni na tambaya, aka nuna mana akwatin ƙarfe mai lambobi.

A mota ya ce saboda hanyar aiki ne, wai tashar jirgin ƙasa a Washington ta lalace. Shekara takwas yana bin jirgin nan bai taɓa kukan kowa ba. Da na faɗi haka sai ya ƙara muryar rediyo.

Kada ki gaya wa Mama. Ki dai sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Constance

Woodbridge, Virginia
30 ga Maris

Yaya Olive,

Ina gaishe ki da gajiyar hidima. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara takawa har bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi. Linda tana gaishe ki, haƙorinta na gaba ya fita.

Kin ce in kwantar da hankali, maza a ƙasar nan haka suke. Na so in yarda da ke. Amma wata abokiyar aikina a asibiti, wadda mijinta mai gadi ne, ta ce mini izinin Virginia ba ya tsallake kogi. Wanda ya shiga Washington da bindiga a kan wannan takardar, kama shi za a yi. Dalyop mutum ne da yake karanta takardar maganin mura daga farko har ƙarshe kafin ya sha. Ba yadda za a yi bai san wannan ba. Ƙarya ya yi mini ke nan.

Izinin ya fito, ya sayi siririyar. Litinin zuwa Juma'a tana cikin akwatinta, na sani don nakan ɗaga akwatin in ji nauyinsa. Ran Asabar da hantsi kuwa sai in ji shi sakayau. Ya ce filin koyon harbi yake zuwa, amma abin toshe kunnen da ya saya yana rataye a gareji, ko ledarsa ba a cire ba.

Wayoyinmu suna nuna wa juna inda muke, tun lokacin da nake da cikin Linda muka sa hakan, ina jin ya manta. Na duba. Asabar biyu a jere yana gaban shagon Hajiya Sadiyya, inda muke sayen manja da busasshen kifi. Yaya, kin san inda zuciyata ta tafi. Hajiyar ba ta da aure, kuma ta iya dariya. Na yi kwana uku ina dafa masa abinci ina kallon bakinsa yana taunawa, ina ƙirga ƙaryar da ta fito daga ciki.

Jiya na yi musanyen aiki da wata, na bar Linda wurin maƙwabciya, na bi shi a motata na tsaya nesa. Bai shiga shagon ba. Hajiya ta fito ta wuce ta gaban motarsa, ko kai bai ɗaga ba. Ya fi awa guda a zaune, hannunsa biyu a kan sitiyari, idonsa a ƙofar baya inda ake sauke nama. Duk lokacin da mahaucin shagon ya fito, sai in ga wuyan mijina ya miƙe. Sunan mahaucin Dabo, dogo ne mai furfura a gemu, ya sha yanka mini naman akuya.

Da ma mace ce, Yaya. Da na san abin yi.

Ki tuna mini, akwai wani Dabo da wani abu ya taɓa shiga tsakaninsa da gidan su Dalyop? Ki bincika a hankali, kada ki ce ni na aike ki. Yanzu in ya shiga wanka nakan tsaya ina kallon wandonsa a kan gado, ina jin kamar baƙo na aura.

A gaida Mama da yara.

Taki,
Constance

Woodbridge, Virginia
21 ga Afrilu

Yayata Olive,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Ina fata an yi Ista lafiya, kuma ruwan farko ya sauka a Jos. Ki yafe mini shirun da na yi. Na ga saƙonki cewa ba wanda ya san wani Dabo.

Ranar Lahadin da ta bi waccan takardar, bayan sujada, Linda tana ajin yara, na riƙe shi a mota a filin coci. Na gaya masa duk abin da na gani, har bin sa da na yi da yadda yake kallon Dabo. Na ce ko ya faɗa mini gaskiya, ko in ɗauki yarinyar mu bar masa gidan a ranar. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya kashe motar ya ce, "Shi ne ya sauke Kenneth."

Kin san labarin ƙanensa Kenneth kamar yadda duk muka san shi: shekara goma sha biyar da suka wuce aka tare motar haya a hanyar komawa Jos, aka sauke wasu, ba su dawo ba, Dalyop yana cikin waɗanda suka tsira. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, kujera ɗaya suke zaune. Wani mai rufaffiyar fuska ya leƙo ya ce mai jar riga ya sauko. Kenneth ne mai jar rigar, ya juyo ya dubi Dalyop. Shi kuma ya sunkuyar da kai, bai ce ɗan'uwana ne ba, bai riƙe hannunsa ba. A watan Janairu ya je sayen nama, ya ji Dabo yana kiran wani mai saye daga bayan kanta. Ya ce muryar ce, ko a kabari zai gane ta.

Ya rantse ba kisa ya yi niyya ba. Wai so yake ranar da zai tambaye shi kada ya sake tsayawa hannu wofi. Na ce to in ya amsa cewa shi ne fa? In kuma ya musa fa? Sai ya buɗe ƙofar motar ya ce mu je mu ɗauko Linda.

Washegari na je shagon na sayi abin da ba na bukata, na ja Hajiya Sadiyya da hira. Ta ce Dabo mutumin Maradi ne, ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, tare da marigayi mijinta suka zo, kuma bai san hanyar Jos ba. Tana faɗa tana kallona, ta ce lafiya nake tambaya? Na ce naman ne yake mini daɗi. Ba ta yarda da ni ba, ni ma ban san ko in yarda da ita ba.

Na kawo wa Dalyop labarin. Ya ce ai mutane suna ƙarya. Na ce haka ne, na gani a gidana. Sai ya ce Dabo ne na uku. Akwai wani direban tasi lokacin yana karatu a College Park, akwai wani a cikin jirgin ƙasa. Kowannensu ya tabbata shi ne, kamar yadda ya tabbata yanzu. Bambancin kawai, a wancan lokacin ba shi da abin da zai ɗauka. Yana gama faɗin haka ya ji abin da ya faɗa. Ban taɓa ganin kuka irin wannan ba, Yaya, ko a asibiti.

Da hannunsa ya ɗauko akwatin ya ba ni. Na kai wa dattijon nan mai shagon bindigogi na ce ya sayar. Bai tambaye ni dalili ba. Fasto ya haɗa Dalyop da wani likitan da yake sauraron masu irin wannan damuwa, ya je sau biyu.

Asabar da ta wuce shi ya ce mu je shagon Hajiya tare. Ya tsaya a gaban kanta, ya ce a ba shi naman akuya. Dabo ya yanka yana yi masa tsiya, wai ya daɗe bai gan shi ba, ko madam ce ta hana. Ya ƙara masa hanta a matsayin gyara. Dalyop ya karɓa ya ce na gode. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, hannun mutumin nan da wuƙarsa nake kallo, ina tambayar kaina abin da ba zan taɓa sani ba.

Na yi farfesu da rana na zuba masa. Ya zauna a gaban kwanon har man ya fara daskarewa. Ban ce masa ya ci ba. Linda ta tambaye shi da Turanci ko ba daɗi ne. Ya ce mata da daɗi, ya ɗauki cokali. Ya cinye, Yaya, har da hantar.

Ki gaida Mama, ki ce mata duk muna lafiya. Wannan karon ba ƙarya ba ce sosai.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Constance